Rijiyar Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, kafin la'asar kuwa an gama mayar da shi waliyyi.

Ina zaune a tsakar gidansa na Treichville, kusa da Inna, ina kallon yadda ake yi. 'Yan kasuwar albasa sun zo daga Adjamé da manyan riguna. Lebarorin tashar jiragen ruwa sun zo da gumin aiki a jikinsu. Samarinmu haifaffun Abidjan, waɗanda Hausarsu ba ta kai su ƙarshen gaisuwar mutuwa, suna ta ce wa Inna "Yako, Tanti, yako," wato sannu da haƙuri a bakin 'yan garin, suna sunkuyar da kai. Kowa ya shigo sai ya kalli rijiyar da ke tsakiyar gidan, ya girgiza kai.

"Ko ba komai ga rijiya," in ji wani dattijo da aka ce abokin kasuwancinsa ne. "Duk gugan da aka ja, ladan na binsa har kabari."

"Wallahi kuwa," in ji liman. "Bawan Allah ya yi wa kansa tanadi."

Wata mata har da kuka ta ce shekara goma tana shan ruwan nan, bai taɓa hana ta ba. Na dubi wuyanta na ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun zagaye shi, na dubi tafin hannun Inna da ke kan cinyarta. Ruwan rijiyar nan guba ne a cikinsa. Na sani, Kawu ya sani, kuma shekara shida ina fama a rufe ta kafin ta gama da mahaifiyata.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a manta da Kawu, kuma na ga tun ba a kai shi makwanci ba an fara mantawa. Mutumin da suke yabo a tsakar gidan nan ni ban taɓa ganinsa ba. Wanda na sani shi ne yayan Inna, dogo, mai kaifin murya, wanda ya baro ƙasar Maraɗi yana saurayi da buhun albasa ɗaya, ya wayi gari da kamyo biyu, manyan motocin dakon kaya, daga nan bai sake yarda akwai abin da wani ya fi shi sani ba.

Zan fara da alherinsa, kada a ce ban da mutunci. Da babana ya rasu ina ƙarama, Kawu ne ya zo ya kwashe mu ni da Inna, ya ba mu ɗaki. Shi ne kuma ya sa ni lakwal, a lokacin da dattawan unguwa ke cewa karatun nasara ba na 'ya mace ba ne. Da ƙafarsa ya kai ni ranar farko, yana riƙe da hannuna, babbar rigarsa na share titi. Ya tsaya gaban shugaban makarantar ya ce da gurgun Faransancinsa, "Wannan ɗiyata ce. A koya mata duka, kar a rage." Na daɗe ina jin daɗin wannan magana. Sai daga baya na gane yana son in yi ilimi ne kamar yadda yake son agogon zinariya a hannunsa, a gani a yaba, ba don a duba lokaci ba.

Yana da wata ɗabi'a. Duk inda ya je sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya murza ta tsakanin yatsu, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Ni nan na san ƙasa." Ya faɗe ta a kasuwa, ya faɗe ta a maƙabarta, ya faɗe ta a gidan biki. A wurinsa ƙasa iri biyu ce kawai: baƙa ta fadama mai wari, da ja irin ta garinsu, wadda ake gini da ita, ake haƙa rijiya a cikinta ruwa ya fito garai-garai. Ja dai ja ce, ko daga ina ta fito.

Filin da ya samu a Treichville can ƙasa yake, dab da lagun, wato tafkin ruwan gishirin da ya ratsa garin, ruwa na kwanciya a cikinsa duk damina. Sai an yi ciko. A lokacin motocinsa na kai kaya gabas, wajen iyakar Gana, su dawo wayam. A can bakin ruwa akwai wata tsohuwar mahaƙar zinariya da nasara suka bari, da tsibin jar ƙasa mai laushi wadda suka zubar bayan sun niƙa dutse sun cire abin da suke so. Kawu da bakinsa yake ba da labarin, yana dariya. Wai mai gadin wurin ya ce masa, "Alhaji, ƙasar nan ko ciyawa ba ta fita a kanta, ko akuya ba ta zuwa." Shi kuwa ya murza, ya shinshina, ya ce, "Madalla, ka ga ba ni ba noman tsakar gida." Ya sa aka yi ta lodi har filin ya cika.

A kan wannan ciko ya gina ɗakunan haya da ɗan masallaci, a tsakiya ya haƙa rijiya, ya ce sadaka ce ga duk mai ƙishi. Famfon gwamnati na titi na gaba, ana sayar da ruwansa. Na Kawu kyauta ne, don haka unguwa ta koma kansa. Sunansa ma ya canja, ya zama Alhaji Mai Rijiya. Idan ya ji an kira shi haka har tafiyarsa takan sauya.

Shekarun farko lafiya lau, ni ma na sha ruwan nan na girma. Sai Kawu ya shiga sana'ar ragunan layya. Ya kafa turaku a bayan gida, a kan cikon nan, duk shekara garke guda. Kashi da fitsari da ruɓaɓɓiyar harawa suka yi ta taruwa, ana tattakewa, ba a kwashewa, wai taki ne. Damina ta zo ruwa ya kwanta a kai, lagun ya taso ta ƙarƙashi da gishirinsa. Ruwan rijiya bai canja kama ba, yana fitowa fari tas. Abu ɗaya kawai: in ka bar shi a baho ya kwana, sai ka tarar ya yi ja, wani abu kamar garin tsatsa ya kwanta a ƙasa.

Akwai wata tsohuwa a ɗakunan haya, mutuniyar bakin lagun, mai sayar da aceke, wato dambun rogo. Ita ba ta shan ruwan ranar da aka ja shi. Takan bar shi kwana biyu a buɗe, ya yi jan ya kwanta, ta tsiyaye na sama ta tace da tsumma. Kawu ya tsani wannan. Yakan tsaya a kanta ya ce, "Dubi ƙazanta! Allah ya ba ki ruwa fari, sai kin bari ya lalace sannan ki sha." Ita kuwa sai ta ce da Julanci, "Alhaji, ruwanka na da abu a ciki, ni sai ya sauke nake sha." Ya hana mutanen gidansa yin haka. A gidan Alhaji Mai Rijiya daga guga sai baki.

Na gama karatu, na samu aiki a wani ɗakin gwaji inda ake auna ruwa da kayan abinci, na yi aure muka koma unguwar 220 Logements a Adjamé. Duk Juma'a nakan haye gada in je gaida Inna. Wata rana tana tankaɗe na ga hannunta. Kanta ce ta fito mata a tafin hannu, ƙanana-ƙanana masu tauri kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fata. Na ce, "Inna, mene ne wannan?" Ta ce igiyar guga ce. Na ce igiyar guga har tafin ƙafa? Har baya? Don na ga bayanta ya yi duhu da fararen ɗigo a ciki. Ta ja zane ta rufe ta ce tsufa ne.

Shugabana a wurin aiki wani tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin gwajin wata mahaƙa. Da na kwatanta masa hannun Inna bai tambaye ni me take ci ba, cewa ya yi, "Ina take ɗiban ruwa?" Na kawo kwalba biyu, ɗaya daga bakin guga na toshe ta nan take, ɗaya daga randar tsohuwa mai aceke. Gwajin ba wuya: ana zuba sinadari, a ɗora 'yar farar takarda a bakin kwalba. In akwai gubar da ake kira arsenik takardar za ta rine. Ta ruwan tsohuwa ta ɗan yi rawaya kaɗan. Ta ruwan guga ta yi rawaya, ta wuce, ta koma kalar goron da aka tauna.

Tsohon ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar yarinya. Ya ce dutsen da ake samun zinariya a cikinsa sau da yawa yana tafe da ƙarfe da arsenik. In an niƙa an zubar, ƙarfen ya sha iska ya zama tsatsa, jan da Kawu ya gani ke nan. Ita tsatsar nan tana kama arsenik ta riƙe gam, muddin ƙasar na shan iska. Shi ya sa shekarun farko ba a ga komai ba. Amma in ruwa ya kwanta a kanta ya toshe iska, aka kuma samu ruɓaɓɓen abu kamar kashin dabbobi, sai ƙananan ƙwayoyin da ke cin ruɓa su rasa iska su koma kan tsatsar. Ta narke, ta saki abin da ta riƙe, duka su gangara cikin rijiya. Ruwan lagun da ke hawa da sauka yana ƙara motsa su.

"To me ya sa ruwan fari ne?" na tambaye shi.

"Don ƙarfen a narke yake, ba ya ganuwa. In ya sha iska a baho sai ya sake zama tsatsa, ya sake kama gubar, ba duka ba amma da yawa, ya kwanta da ita. Tsohuwar nan taku ta fi mai rijiyar hankali. Amma kada ki dogara da wannan. A rufe rijiyar."

Na zaɓi ranar da zan samu Kawu shi kaɗai, na durƙusa har ƙasa, na yi magana a hankali kamar yadda aka koya mini. Na ajiye takardun biyu a gabansa. Ya kalle su ya ce, "Mi ne ne wannan, tsumman shayi?" Na yi bayani. Da na zo kan ƙasar da ya kwaso, sai fuskarsa ta canja.

"Ke za ki gaya mini ƙasa? Ni?"

"Kawu, ba laifinka ba ne, ba ka sani ba. Amma yanzu mun sani. A rufe ta a jawo famfo. Ni da maigidana za mu yi."

"In rufe sadakata in sa famfo, duk Treichville su ce Alhaji ya shekara goma yana shayar da mutane dafi? Abin da aka koya miki a lakwal ke nan? Ni na kai ki!"

Ya tashi ya fita tsakar gida, ana shirin sallar la'asar, mutane cike. Ya ja guga da hannunsa, ya ɗaga ya kafa kai, ruwa na zuba a gemunsa. Ya dire ya ce da ƙarfi, "Madam likita ta ce rijiyata na kisa. To ga shi na sha. Ku tsaya ku ga faɗuwata." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce 'yan bokon nan sai a hankali. Na tsaya ina cewa ba rana ɗaya take kisa ba, shekaru take ɗauka, amma wa zai ji? An tayar da iƙama.

Na bi ɗakunan haya ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka fara barin ruwan ya kwana a ɓoye, wasu suka ce in ba su kuɗin famfo. Na je wani ofis, wanda na samu a tebur ya ce rijiyar tsakar gida ba ta cikin takardunsu, sai dai in rubuta ƙara da sunan mai gidan. In kai ƙarar Kawu, yayan uwata, mutumin da ya riƙe ni? Na ninke takardar na sa a jaka, tana nan har yau. Na roƙi Inna ta dawo wurina Adjamé, ta ce, "In bar Yaya in zauna gidan suruki? Ba da ni ba." Na ce to ta riƙa sayen na famfo. Ta ce to, to, kamar yadda ake ce wa yaro.

Shi kuwa Kawu sai ya mayar da ni abin nishaɗi. Duk Juma'ar da na shigo zai ɗaga murya, "Ga mai gwaji ta zo. Har yanzu ban mutu ba, ɗiyata!" Ya buɗe tafukansa ya nuna wa mutane, sumul, ba ko tabo. Wannan hannu nasa ya fi takarduna ƙarfi a unguwa. Ni kaina ya dame ni. Nakan ce wataƙila jikinsa daban ne, wataƙila tafiye-tafiyensa ne suka rage masa sha. A shekarun nan kantar hannun Inna ta yi yawa har ba ta iya dunƙule shi, ɗaya kuma ta fashe ta ƙi warkewa.

Ba rijiya ce ta kashe shi ba. Hawan jini ne, a kan kujerarsa, da carbi a hannu.

Washegarin jana'iza aka ce a gyara ɗakinsa don baƙin da za su zo daga Maraɗi. Ɗakin nan ba mai shigarsa sai shi da Inna, tun da matarsa ta rasu ita ke share masa. Na ce ta huta, hannunta ba zai iya ba. Ta yunƙura za ta hana ni, na riga na shige. Na ja gadon don in share bayansa, sai na ga labule, bayan labulen jarkoki huɗu a jere, da buta, da kofin silba a kife. Biyu cike suke. Na buɗe na shinshina, warin maganin famfo ya bugi hancina.

Na juyo, Inna na tsaye a bakin ƙofa.

"Inna, ruwan wane ne wannan?"

"Rufe ƙofar."

"Tun yaushe?"

Ta zauna a bakin gado ta ce, "Tun ranar da kika kawo takardun nan. Da aka watse ya kira ni, ya ce daga gobe in riƙa sayo masa na titi da sassafe, in shigo da shi ta ƙofar raguna."

"Ke kike ɗauko masa? Da wannan hannun?"

"To wa zai aika? Magana ta fita?"

"Ke fa? Me kike sha?"

Ta kalli ƙasa. Sannan ta ce, "Ya ce in aka ga 'yar'uwarsa ta daina jan guga, shi ke nan an gama da shi. Ni ce ake gani a tsakar gida."

Na zauna a ƙasa. Ashe ya yarda. Tun ranar farko ya yarda, ya fi kowa yarda da ni a duk Abidjan. Shekara shida yana shan ruwa mai kyau a bayan labule, yana fitowa yana buɗe wa mutane hannu, ƙanwarsa na ɗauko masa da tafin da ya fashe, ta koma ta sha na guga don a gani. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina Kawu a wannan safiya ba, kuma yana kabari, ba inda zan kai masa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, na ɗauko jarkokin biyu na ratsa ta cikin maza, abin da ban taɓa yi ba, na dire su gaban liman. Na ce, "Malam, ga ruwan da Alhaji ke sha. A bayan gadonsa yake." Dattijon nan abokin kasuwancinsa ya ce, "Haba yarinya, gawa ko sanyi ba ta yi ba." Na ce ya buɗe ya shinshina. Bai buɗe ba. Liman ne ya buɗe, ya shinshina, ya rufe. Matar da ta yi kuka ranar farko ta sa hannu a wuyanta. Ba wanda ya yi dariya wannan karon, ba kuma wanda ya ce mini na gode. Wasu har yau ba sa amsa gaisuwata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya saka masa da alherin da ya yi mini, don ya yi. Sauran kuwa tsakaninsa ne da waɗanda suka sha, ba ni da hurumin yafe masa a madadinsu.

Kashegari na zo da magina biyu da siminti da rodi. Kafin azahar sun ɗora murfi sun shafe bakin. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ta juya wa aikin baya, hannunta naɗe da bandeji. Likita ya riga ya ce ciwon tafin nan ya rikiɗe ya zama daji, sai an yanke wurin, wataƙila har da yatsu biyu. Na zo na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, an gama."

"Da wuri haka?"

"Ai ba wani aiki ba ne. Rabin yini."

Ta juyo ta kalli simintin, ta kalle ni.

"Rabin yini," in ji ta. "Ke ma sai da kika jira ya mutu."